Me ya sa tsohon gem yake nauyi a sabon talabijin?

Ka ce ka ciro Super Nintendo da PlayStation 2 ɗinka da suka daɗe a ajiye, ka jona su a bayan sabon talabijin ɗinka na bango da wayar nan mai baki uku, rawaya da fari da ja. Hoto ya fito, sauti ya fito, amma Mario ya yi maka nauyi. Sai ka danna tsalle ya tsaya kamar yana shawara kafin ya ɗaga ƙafa, ramin da kake tsallakewa ido rufe kana yaro shi ne yanzu yake cinye maka rayuka. Kana son sanin ko shekaru ne suka kama hannunka, ko mariƙin wasan ne ya lalace, ko na'urar ce ta tsufa, da kuma abin da ya kamata ka saya.

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka game da hannunka. Na daɗe ina gyaran irin waɗannan na'urori ina kuma gwada su a talabijin iri-iri, kuma kusan duk wanda ya zo mini da wannan kukan, talabijin ɗin ne mai laifi. Na'urar wasa ba ta rage gudu don ta tsufa. Agogon da ke cikinta ƙwayar kiristal ce, ko dai tana bugawa daidai ko na'urar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Mariƙi kuwa idan robar da ke ƙarƙashin maɓallansa ta cinye, alamarsa daban ce: wani dannawar ya shiga, wani ya ƙi shiga, sai ka matsa da ƙarfi. Abin da ka kwatanta shi ne kowane dannawa yana shiga amma a makare. Wannan jinkiri ne tsakanin lokacin da na'urar ta fitar da hoto da lokacin da idonka ya gan shi, kuma a cikin talabijin ake riƙe hoton.

Sai ka fara sanin irin talabijin ɗin da aka ƙera waɗannan wasanni dominsa. Tsohon talabijin mai doro ba ya ajiye hoto, ba shi ma da inda zai ajiye shi. A cikin kwalbar nan tasa akwai bindiga mai harba tsirkiyar lantarki, tana zana hoto a jikin gilashi layi bayan layi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, sau 60 a daƙiƙa a tsarin NTSC na Amurka da Japan, sau 50 a tsarin PAL na yawancin Turai. Abin da ke bi ta cikin waya a wannan ƙiftawar shi ne abin da tsirkiyar ke haskawa a wannan ƙiftawar. Su ma tsofaffin na'urorin wasa irin su NES da Super Nintendo da Mega Drive ba sa tara cikakken hoto kafin su aika, suna haɗa kowane layi ne daidai lokacin da ake zana shi. Wasan zai duba mariƙinka sau ɗaya a kowane zagaye, ya yi lissafinsa, zagaye na gaba ko na bayansa ka ga Mario ya tashi. A kan haka masu ƙera wasannin suka auna faɗin kowane rami da saurin kowane maƙiyi.

Wannan zagaye guda shi ake kira firam. A tsarin 60, firam ɗaya milisakan 16.7 ne, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. A tsarin 50, milisakan 20 ne. Ka riƙe wannan adadi, da shi za mu riƙa awo.

Talabijin na bango ba shi da tsirkiya. Allo ne mai ƙayyadaddun ɗigogi, 1920 a kwance da 1080 a tsaye, ko 3840 da 2160 idan 4K ne. Super Nintendo ɗinka kuwa hoton da take fitarwa a yawancin wasanni ɗigo 256 ne da layi 224. Dole talabijin ya karɓi siginar, ya mai da ita lambobi, ya raba launi da haske tunda wayar rawaya a cakuɗe take kawo su, ya gane wane irin hoto ne, ya faɗaɗa shi ya cika allo, sannan ya yi masa kwalliya. Duk matakin da yake buƙatar ganin cikakken hoto kafin ya yi aikinsa, to sai an jira hoton ya gama isowa, wato an ci firam guda ke nan. Mai kallon fim ba ruwansa, don ko an riƙe hoton daƙiƙa guda, muddin an riƙe sauti tare da shi, ba zai taɓa sani ba. Kai da hannunka ke cikin abin, kai ne za ka ji.

Inda gizo ke saƙar shi ne matakin gane irin hoton. Tashoshin talabijin na da ba sa aika cikakken hoto lokaci guda. A NTSC layi 525 ne, kimanin 480 ake gani, kuma rabi-rabi ake aiko su: zagayen farko layi na 1 da na 3 da na 5 har ƙasa, zagaye na biyu layi na 2 da na 4 da na 6, suna shiga tsakanin na farko kamar saƙa. Wannan shi ne 480i. Masu ƙera na'urorin wasa sai suka yi dabara. Suka ɗan sauya lokacin siginar ta yadda tsirkiya za ta riƙa komawa kan layukan da ta zana ɗazu maimakon ta shiga tsakaninsu. Sai aka samu cikakken hoto mai layi kusan 240, sabo fil sau 60 a daƙiƙa, ba ya rawa, da siraran baƙaƙen layuka a tsakani inda tsirkiyar ba ta taɓa bi. Daga baya aka laƙaba masa suna 240p, na PAL kuma 288p. Bai taɓa zama tsarin da hukumomin watsa shirye-shirye suka rubuta ba, dabara ce kawai da talabijin mai doro yake haɗiyewa ba tare da ya tambaya ba.

Sabon talabijin kuwa yana tambaya, kuma yawanci amsar da yake ba kansa kuskure ce. Da ya ga sigina mai wannan saurin layi, sai ya ɗauka 480i ce irin ta tasha ko ta kaset ɗin bidiyo. Sai ya riƙe hoton farko a matsayin rabi, ya jira na biyu, wani ma ya jira na uku don ya gwada abin da ya motsa da abin da bai motsa ba, sannan ya ɗinke su wuri guda. Cikakkun hotuna biyu na lokuta daban-daban ya mayar hoto ɗaya. Ka yi asara biyu: ga jira, ga ɓata hoto.

Kana iya kama shi da idonka ba tare da wani kayan awo ba. A wasanni da yawa, idan aka bugi ɗan wasanka yakan riƙa ƙiftawa, firam ɗaya yana nan, firam ɗaya babu shi, da sauri har ya zama kamar ana gani ta cikinsa. Haka ake yin inuwa a wasu wasannin faɗa. Idan talabijin yana ɗinke hotuna, wannan ƙiftawar takan lalace: ko ɗan wasan ya ɓace ɗungurungum na ɗan lokaci, ko ya tsaya cak ba ya ƙiftawa, ko ya fito da zane-zane a kwance kamar haƙoran matsefi. Da ka ga ɗaya daga cikin ukun nan, talabijin ɗinka bai san 240p ba.

Bayan wannan sai kwalliyar da masu talabijin ke alfahari da ita. Mafi cin lokaci ita ce ta santsin motsi, wadda Samsung ta daɗe tana kira Auto Motion Plus, LG ke kira TruMotion, Sony ke kira Motionflow. Aikinta ƙirƙiro hoton da babu shi a saka tsakanin hotuna biyu na gaskiya, kuma ba yadda za a yi ka zana abin da ke tsakanin biyu ba ka ga na biyun ba, don haka jira ya zama tilas. Mai rage yayyafin hoto shi ma gwada firam da firam yake yi. Idan aka tara su, talabijin da yawa a yanayin kallon fim sukan kai milisakan 80 ko 100, wasu su wuce.

Za ka ce me kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa zai yi? Bari mu auna da Super Mario Bros. na NES, wanda na riƙe lissafinsa. Idan Mario yana cikakken gudu, yana cin kusan ɗigo biyu da rabi a kowane firam. Milisakan 100 firam shida ne, wato ɗigo 15. Tubalin da yake takawa faɗinsa ɗigo 16 ne. Ke nan lokacin da idonka ya ga Mario saura tubali guda ya kai bakin rami, a cikin na'urar ya riga ya kai bakin. Ka danna a daidai inda ka saba dannawa shekara da shekaru, amma Marion da kake gani tsohon labari ne. Shi ya sa abin ya fi damun wanda ya iya wasan fiye da sabon shiga: sabon shiga zai koyi wasan da jinkirinsa, kai kuwa hannunka ya haddace wani lokaci daban. A wasan da ake zaɓar umarni daga jeri, irin su Final Fantasy, firam shida ba komai ba ne. A Punch-Out!! ko Mega Man ko Street Fighter II, firam biyu ma ana jin su.

Wani abu da ke rikita masu saye: adadin nan na milisakan 1 ko 4 da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali ba wannan jinkirin ba ne. Shi lokacin da ɗigo ɗaya ke ɗauka ya sauya launi ne, kuma abin da yake shafa shi ne ko hoto zai riƙa jan wutsiya idan yana motsi. Allo na iya sauya launi nan take amma ya riƙe hoton firam biyar kafin ya fara. Su kuma masu gwajin talabijin da ke wallafa ainihin jinkirin, za ka ga masu kyau suna ba da milisakan 10 zuwa 15 a yanayin wasa, wanda adadi ne mai kyau ƙwarai, tunda ko mai doro idan aka auna a tsakiyar allo kusan 8 zai bayar saboda sai tsirkiya ta sauko wurin. Amma da sigina ta zamani ta ƙofar HDMI suke wannan awon. Ƙofar rawaya hanyarta daban a cikin talabijin, kuma a yau ita ce ƙofar da kamfanoni ba sa ɓata lokaci a kanta, in ma sun saka ta.

Kafin ka kashe ko kwabo, ga abin da za ka yi. Kunna na'urar, ka koma ƙofar da take ciki, sannan ka shiga saitin hoto ka nemi Game Mode, wato yanayin wasa. Na ce ka koma ƙofar tukuna saboda a talabijin da yawa kowace ƙofa da nata saitin, mutum zai kunna a HDMI ta ɗaya ya ɗauka ya gama alhali ƙofar AV, wato ta wayar rawaya, tana nan a yanayin fim. Kada ka dogara da cewa talabijin ɗinka yana shiga yanayin wasa da kansa. Wannan tsarin, ALLM, ya zo ne da HDMI 2.1, kuma na'urar ce ke aika masa saƙo ta HDMI cewa wasa ake yi, abin da Super Nintendo ta 1990 ba ta da bakin faɗa. Idan Game Mode ya dushe ya ƙi dannuwa a ƙofar AV, ka bi da hannu ka kashe santsin motsi da rage yayyafi da duk wani abu mai sunan gyara hoto. Ka mai da fasalin allo 4:3, wannan ba ya rage jinkiri amma yana hana Mario zama gajere mai faɗi. Idan wayar ta bi ta cikin amfilifaya ko sandar sauti kafin ta kai talabijin, cire ta ka jona kai tsaye ka gani. Idan kuma da lasifika ko abin kunne na Bluetooth kake ji, kashe shi yayin gwajin, domin sautin tsalle da ya makara yana sa hannu ya ji kamar tsallen ne ya makara.

Akwai kuma wani nauyin da ba jinkiri ba ne. Idan da can na'urar NTSC ka saba da ita, yanzu kuma ta PAL ce a hannunka, wasanni da yawa na wancan zamani ba a gyara musu gudu ba da aka kai su Turai, suna tafiya a 50 maimakon 60, wato sun ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari, har kiɗansu a wasu. Sonic na farko a Mega Drive shi ne misalin da kowa ya sani. Wannan babu saitin talabijin da zai taɓa shi.

Daga nan ka auna, kada ka tsaya ga yadda ka ji, don mutum yakan ji sauƙi kawai saboda ya taɓa wani abu. Wayoyin hannu da yawa na yanzu suna ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya a hoto 240 cikin daƙiƙa, kowane hoto kusan milisakan 4 ke nan. Kafa wayar inda za ta ga babban yatsanka da allon tare, ka danna tsalle kamar sau goma da tazara, sannan ka ƙirga hotuna daga inda maɓalli ya nutse zuwa inda ɗan wasa ya fara motsi. Adadin da za ka samu ya haɗa da jinkirin wasan kansa, don haka shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Bambancin da ke tsakanin awo biyu shi ne labarin: kafin Game Mode da bayansa, wannan ƙofa da waccan, da akwatin da za mu zo kansa da kuma babu shi. Idan kana da kaset ɗin da ake loda wa wasanni, nemi manhajar 240p Test Suite ta Artemio Urbina, kyauta ce, akwai ta Super Nintendo, tana da gwajin inuwa mai ƙiftawa da na jinkiri.

Idan Game Mode ya wadatar, shi ke nan. Idan bai wadatar ba, mafita ita ce ka karɓe aikin daga hannun talabijin ka ba wani akwati da ya san 240p, shi kuma ya miƙa wa talabijin sigina ta HDMI wadda ba sai ya yi tunani a kanta ba. Amma a nan mutane suka fi yin asara. Ƙananan akwatunan nan masu araha da ake rubuta wa AV to HDMI ko SCART to HDMI, da yawancin wayoyin da ake cusa wa na'ura kai tsaye su fito da HDMI, don na'urar kaset da ta DVD aka ƙera ƙwaƙwalwarsu. Kuskuren da talabijin ɗinka yake yi shi suke yi, su ɗauki 240p a matsayin 480i su ɗinke, sau da yawa su miƙe hoton ya cika faɗin allo, sannan su ƙara nasu jinkirin a kan na talabijin. An gudu ba a tsira ba. Na taɓa gwada wani da jinkirinsa ba ya ma tsayawa wuri ɗaya, yanzu kaɗan, anjima da yawa, kuma wannan ya fi muni, domin hannu yana iya sabawa da jinkiri tsayayye amma ba ya sabawa da mai yawo.

Akwatin kirki aikinsa ninka layi. Ba ya jiran cikakken hoto. Layi ɗaya zai karɓa, ya fitar da shi sau biyu da ninkin sauri, ya karɓi na gaba. Layi 240 sun zama 480 cikakku, wato 480p, wadda kowane talabijin ya sani kuma ba ya ɗinke ta. Layi ɗaya kusan kashi 64 cikin miliyan na daƙiƙa yake ɗauka, don haka ko an riƙe layi biyu ko uku, jinkirin bai kai milisakan ɗaya ba. RetroTINK-2X na Mike Chi haka yake aiki, kuma yana karɓar wayar rawaya da S-Video, mai raba launi da haske, da waya mai launi uku ta hoto, kore da shuɗi da ja, don haka da wayoyin da kake da su yanzu ma zai yi. Wani akwatin mai suna OSSC, wanda Markus Hiienkari ya tsara, yana iya ninkawa fiye da sau biyu kuma hotonsa tar yake, amma ba ya karɓar wayar rawaya ko S-Video, sai RGB, wato ja da kore da shuɗi kowanne a hanyarsa, ta babban filogin SCART, ko waya mai launi uku ko VGA irin ta kwamfuta.

Mai ninka layi yana da halinsa da ya kamata ka sani tun kafin ka saya, musamman da yake Super Nintendo gare ka. Tunda ba ya ajiye hoto, duk yadda na'ura ta ba shi lokaci haka yake miƙawa. Super Nintendo da NES na NTSC ba sa gudu a 59.94 na ƙa'ida, suna kusan 60.1, kuma akwai layi ɗaya da yake ɗan gajarta a firam ɗaya cikin biyu. Mai doro bai taɓa damuwa da wannan ba. Wasu talabijin na zamani kuwa sukan riƙa ɗauke hoto ko su ƙi nunawa sam, an fi ganin haka da OSSC a manyan ninki. Manyan akwatuna irin RetroTINK-5X na 2021 da RetroTINK-4K na 2023 sun ba ka zaɓi biyu: ko akwatin ya bi agogon na'urar, jinkiri ƙasa da firam ɗaya kuma tsayayye, ko ya ajiye hotuna ya fitar da su a agogon ƙa'ida, kowane talabijin ya karɓa amma a ƙara har kusan firam guda. Ni nakan fara da na farko, sai talabijin ya ƙi nake komawa na biyu.

Sauya waya daga rawaya zuwa S-Video ko RGB yana gyara tsabtar hoto sosai, haruffa su daina jiƙewa, launi ya daina malala. Amma waya ba ta rage jinkiri da kanta, abin da ke karɓar siginar ne ke ragewa ko ƙarawa. Super Nintendo ta asali tana fitar da S-Video da RGB duka, ƙaramar da aka fitar daga baya kuwa sai an buɗe ta an yi mata aiki.

PlayStation 2 ɗinka labarinta daban, kada ka haɗa su a magani ɗaya. Yawancin wasanninta 480i ne na gaske, rabi-rabi suke fitowa, don haka dole wani ya haɗa su, abin tambaya kawai wa zai yi kuma ta yaya. Hanya mai sauri ita ce a ɗauki kowane rabi a ninka layukansa a nuna nan take. Babu jira, amma hoton yana ɗan rawa sama da ƙasa, wasu ba sa jurewa. Hanya mai kyau ita ce a gwada rabi da rabi, inda babu motsi a saƙa su, inda akwai motsi a cike, hoto ya fi kyau amma da ɗan jira. Ƙananan masu ninka layi ta farko suke yi, 5X da 4K suna da duka biyun kuma sun fi yawancin talabijin sauri a ta biyun. Abu na farko dai ka nemi waya mai baki biyar, wato mai launi ukun da na ambata, kore da shuɗi da ja na hoto, fari da ja na sauti, ka shiga saitin na'urar ka mai da fitar hoto zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr. Wasu wasannin suna iya fitar da 480p da kansu, ko ta cikin saitinsu kamar God of War da Gran Turismo 4 na Amurka, ko ta riƙe maɓallin X da mai kusurwa uku yayin da wasan ke tashi. Duk wasan da ya ba ka wannan, karɓa, don ya cire matakin ɗinki gaba ɗaya. Fitowar Turai ta wasanni da yawa an cire mata wannan zaɓin.

Idan kuma ka saka faifan PlayStation ta farko a cikinta, ka dawo gidan jiya, domin 240p za ta fitar, kuma talabijin da yawa ba sa nuna 240p ta waya mai baki biyar ko kaɗan, allo baƙi kawai za ka gani. Wasu wasannin ma, irin su Silent Hill da Chrono Cross, suna wasa a 240p amma shafin kayansu 480i ne. Mai doro ko gezau. Ta HDMI kuwa duk sauyin sai hoto ya ɗauke na daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin ya dawo, ka rufe shafin kaya ka tarar dodo ya riga ya same ka. A irin waɗannan wasannin zaɓin nan na biyu na manyan akwatuna, mai ajiye hotuna, shi ne daidai, firam ɗayan da zai ci ya fi sauƙi a kan duhun.

Mariƙi marar waya yana ƙara nasa, masu ɗan abin karɓar sigina na 2.4 GHz da ake cusa wa na'ura yawanci sun fi na Bluetooth sauri, amma yayin gwaji ka yi amfani da na asali mai waya don kada ka ɗora wa talabijin laifin wani. Kwaikwayon na'ura a kwamfuta ko ƙananan na'urorin da aka sake fitarwa da HDMI, irin NES Classic ta 2016, sun tsallake matsalar 240p amma suna da nasu jinkirin na manhaja. Masu kwaikwayon da'irar na'urar kanta a guntun FPGA, wanda ake iya sake tsara da'irarsa, irin MiSTer da Super Nt na Analogue, kusan babu wannan. Tunda na'urorinka na asali suna aiki, ban ga dalilin da za ka bi ta nan ba.

Abu ɗaya ne babu akwatin da zai gyara maka: bindigar wasa. A Duck Hunt, da ka ja kunama allo yakan yi baƙi firam ɗaya, a na gaba a zana farin murabba'i inda agwagwa take, idon da ke bakin bindigar ya duba ko ya ga haske a daidai wannan firam ɗin. Talabijin ya makara da firam ɗaya tak, wasan ya riga ya duba ya wuce. Super Scope ta Super Nintendo da GunCon ta Namco, wadda ake buga Time Crisis da ita, sun fi haka ma tsanani, domin lokacin da tsirkiya ta gifta ta gaban bakin bindiga suke aunawa su san inda ka nuna, allon bango kuwa ba shi da tsirkiyar da za ta gifta. Idan akwai ɗaya daga cikinsu a kwalin da ka ciro, sai dai ka nemi mai doro, kuma na gama-gari, domin manyan nan na ƙarshen zamaninsu masu 100 Hz ko masu HD su ma suna ajiye hoto su sarrafa, bindiga ba ta aiki a kansu kuma suna da jinkiri. Idan ka samu, kada ka kwance bayansa da kanka ko da a kashe yake an zare shi daga soket, kwalbar tana aiki da dubban bolt kuma tana iya riƙe caji bayan an kashe.